Kafin a Auna Matashi, a Fara Auna Tambayar

Wata rana da yamma ɗiyar ƙanwata, wadda take da shekara 15 a lokacin, ta zo mini da wata takarda mai shafi uku da aka raba musu a makaranta. Wasu masu bincike ne suka kawo ta, aka ce kowa ya cike nasa ya mayar, ba sai ya rubuta suna ba. Jimloli ne a jere, kowace da akwatuna 5 a gabanta, daga "ban yarda ba ko kaɗan" zuwa "na yarda ƙwarai". Daga wani harshe aka fassaro takardar, kuma fassarar ba ta da laifi, babu kalmar da ta gagari yarinyar. Ina zaune kusa da ita har ta kai kan wata jimla da ke cewa mutum yakan ji kamar shi ba mutum ɗaya ba ne, yana sauyawa gwargwadon wanda yake tare da shi. Ba ta ko yi jinkiri ba, ta danna biro a akwatin ƙarshe. Na ce mata, "Me ya sa kika zaɓi wannan?" Ta ɗago kai da mamaki ta ce, "Kawu, ai yadda nake a gaban Baba ba haka nake a gaban ƙawayena ba. In na yi wa malamarmu magana yadda nake yi wa ƙanena, ai sai a ce ba ni da tarbiyya."

Gaskiya ta faɗa, kuma da alfahari ta faɗe ta. Amma irin wannan jimla an rubuta ta ne don a gano matashin da hankalinsa ya rarrabu, wanda bai san ko shi wane ne ba, wanda yau ya ga kansa mutumin kirki, gobe ya ga kansa ba komai ba. Idan aka zo haɗa maki, alamar da yarinyar nan ta sa za ta faɗa ne a ɓangaren damuwa. Ita ta amsa tambaya kan ladabi, wanda ya rubuta takardar kuwa ya tambayi wani abu dabam. Tsakaninsu babu wanda ya yi ƙarya, kuma mai fassara bai kuskure ko kalma ɗaya ba.

Tun daga ranar abin ya tsaya mini a rai. Ra'ayina shi ne takardar tambayoyin da aka ƙera a wata al'umma don auna yadda matashi ke sanin kansa ba ta zama ta wata al'ummar don kawai an juya kalmominta. Tana ɗauke da ra'ayin mutanen da suka ƙera ta game da yadda lafiyayyen matashi ya kamata ya kasance, kuma wannan ra'ayin yana tsallake fassara lafiya lau, ya zauna cikin lissafin maki inda ba mai ganinsa. Duk wanda zai ɗauko irin wannan takarda ya kai wa 'ya'yan wasu, wajibi ne ya fara zama da waɗannan yaran ya ji me suka fahimta, tun kafin ya ce zai faɗi wani abu a kansu.

Yana da kyau a san inda maganar ta samo asali, domin asalin nata yana bayyana abubuwa da yawa. Mutumin da ya fi kowa shahara da ita shi ne Erik Erikson, wanda aka haifa a Frankfurt ta Jamus a 1902. Bai taɓa sanin mahaifinsa ba. Mijin mahaifiyarsa ne ya raine shi, wani likitan yara mai suna Homburger, kuma an daɗe ana ɓoye masa cewa ba shi ne ya haife shi ba. Dogo ne mai farin gashi irin na Turawa, a cikin Yahudawa, wato mutanen gidansu, ana yi masa kallon bare, a makaranta kuma ana tsokanarsa da Bayahude. Ya yi yawo a Turai yana zane-zane kafin ya shiga fannin nazarin halayyar ɗan Adam, ya koma Amurka a 1933, sannan a 1939 ya zaɓa wa kansa sunan da duniya ta san shi da shi. Mutumin da ya raɗa wa kansa suna, ba abin mamaki ba ne idan ya ga cewa babban aikin shekarun balaga shi ne mutum ya amsa tambayar "wane ne ni". Ban faɗi haka don in rage masa daraja ba. Erikson ya zauna da kabilar Lakota a Dakota ta Kudu da Yurok a arewacin Kalifoniya, kuma ya nanata cewa sanin kai abu ne da ke ƙulluwa tsakanin mutum da jama'arsa, sai jama'a sun amince da abin da matashi ya ce shi ne sannan ya tabbata. Wannan ɓangaren na maganarsa shi ne ya fi saurin zubewa a hanya lokacin da aka mayar da ita lambobi.

A 1966 James Marcia ya yi wannan aikin na mayarwa. Ya yi hira da ɗalibai 86, dukansu maza, dukansu 'yan jami'a a Amurka, yana tambayarsu kan sana'a da addini da siyasa. Abu biyu yake dubawa: shin matashi ya yi bincike, ya gwada hanyoyi daban-daban? Shin kuma ya tsaya a kan wata hanya ya riƙe ta? Daga nan ya fitar da rukuni 4. Akwai wanda ya bincika sannan ya riƙe, shi ne wanda ya cimma sanin kansa. Akwai wanda yake tsakiyar bincike. Akwai wanda bai bincika ba kuma bai riƙe komai ba. Sai kuma wanda ya riƙe hanya da ƙarfi ba tare da ya taɓa gwada wata ba, galibi hanyar da iyayensa suka ɗora shi a kai. Sunan da aka ba wannan na ƙarshe a Turanci yana nufin rufe ƙofa tun kafin lokaci.

A nan nake so a daɗe. Ka ɗauki saurayi mai shekara 17 da ya tashi yana taya mahaifinsa sana'a tun yana ƙarami, ya iya ta, yana sonta, mutane sun fara kawo masa aiki da sunansa shi kansa. Addinin gidansu shi yake bi, bai taɓa jin buƙatar ya leƙa wani ba, amma ya yi tambayoyi a cikinsa, ya yi gardama da malamansa, ya kwana yana tunani a kan wasu mas'aloli. A tsarin Marcia yadda aka saba amfani da shi, wannan saurayi ya rufe ƙofa. Wani kuma da ya sauya fannin karatu sau uku ya bar gida yana neman kansa, shi ne yake kan hanyar ci gaba. Ni ban yarda cewa na farko bai yi bincike ba. Ya yi, sai dai bincikensa na zurfi ne, ya tono rijiya ɗaya har ya kai ruwa, ɗayan kuma ya zagaya rijiyoyi da yawa. Takardar da ta san zagaye kawai a matsayin bincike ba za ta taɓa ganin mai tono ba. Kuma kada a manta, zagayen nan yana buƙatar dama: makarantu da yawa da za a zaɓa, iyayen da za su iya ɗaukar nauyin wanda bai fara samun kuɗi ba, da shekaru masu yawa tsakanin balaga da ɗaukar nauyin iyali. Idan ma'auni ya ba mai wannan damar maki mai yawa, ya rage wa marar ita, to arzikin gidansu aka auna, aka kira shi ci gaban hankali.

Adalci ne a ce masana fannin sun gano wannan giɓi da kansu. Ma'aunin da Elisabetta Crocetti da Monica Rubini da Wim Meeus suka fitar a 2008, wanda ake kira U-MICS, mai jimloli 13, ya ware bincike mai zurfi a cikin abin da mutum ya riga ya riƙe a matsayin abu mai zaman kansa. Na Koen Luyckx da abokan aikinsa a Beljiyam, mai jimloli 25, wanda ya fito a shekarar, ya bambanta bincike mai amfani da irin wanda mutum ke ta juya tunani ba ya zuwa ko'ina. Ci gaba ne na gaske. Amma duba fagagen da aka fi tambaya a kansu: karatu, da babban aboki, da shirin da mutum yake yi wa rayuwarsa ta gaba. Akwai jimlar da ke tambayar ko matashi yakan yi tunanin gara ya sauya karatun da yake yi. A 2023 hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin miliyan 250 ne a duniya ba sa zuwa makaranta. Me wannan jimla take nufi a wurinsu? Ga wanda yake makarantar ma, amma ita kaɗai ce a yankinsu, amsar "ban yarda ba" tana iya nufin ya gamsu, tana kuma iya nufin bai taɓa ganin wata ƙofa ba balle ya yi tunanin bi ta cikinta.

Lambobin da ke nuna inda ilimin nan ya taru sanannu ne. A 2008 Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun fannin na shekarun 2003 zuwa 2007, ya tarar kashi 68 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike a kansu 'yan Amurka ne, ƙasar da ba ta kai kashi 5 na al'ummar duniya ba. A 2010 Joseph Henrich da Steven Heine da Ara Norenzayan suka ɗora a kai, suka nuna cewa kashi 96 sun fito ne daga ƙasashen Yamma masu masana'antu, waɗanda jimillarsu kashi 12 ne kacal na mutanen duniya. Matasa 'yan shekara 10 zuwa 19 kuwa sun kai kimanin biliyan 1.3, kuma mafi yawansu suna Asiya da Afirka.

To yaya ake kai takardar wurinsu? Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce wadda Richard Brislin ya bayyana a 1970. Mutum ɗaya ya fassara daga harshen asali zuwa sabon harshe, wani da bai ga na asalin ba ya mayar da fassarar zuwa harshen farko, sai a ajiye biyun a kwatanta. In sun yi daidai, sai a ce fassara ta yi. Dabara ce mai amfani, tana kama kurakurai da yawa. Matsalarta ita ce mai fassara da ya san za a mayar da aikinsa yakan manne wa ginin jimlar asali, domin ita ce za ta koma cikin sauƙi. Sai a sami jimla wadda ta ci jarrabawar komawa, amma babu yaron da ke magana haka. Abin da ya fi wannan muni, takardar da ɗiyar ƙanwata ta cike za ta ci wannan jarrabawa da maki cikakke. Jimlar ta tafi daidai ta dawo daidai. Abin da ya sauya yana cikin kan yarinyar, inda masu fassara biyu ba su leƙa ba.

Akwai wani bincike da nake yawan tunawa a kan wannan. Tun 1954 Manford Kuhn da Thomas McPartland suka ƙirƙiro wani gwaji mai sauƙi: a ba mutum layi 20, ya cike kowane da amsar tambayar "wane ne ni". A 1989 Steven Cousins ya ba ɗaliban Japan da na Amurka wannan gwaji. 'Yan Amurka suka fi rubuta halaye tsagwaronsu, irin su ni mai gaskiya ne, ni mai son jama'a ne. 'Yan Japan suka fi ambaton matsayinsu a cikin mutane da abubuwan da suke yi. Da a nan aka tsaya, da an ce 'yan Japan ba su iya bayyana halinsu ba. Sai Cousins ya sauya tambayar, ya sa mata wuri: bayyana kanka a gida, a makaranta, a cikin abokai na kusa. Nan take lamarin ya juya. 'Yan Japan suka fi kawo halaye kai tsaye, 'yan Amurka kuma suka fara sa sharaɗi a kan amsoshinsu. Mutanen ba su sauya ba. Tambayar ce ta sauka inda suke tsaye. Shekara biyu bayan haka Hazel Markus da Shinobu Kitayama suka yi bayanin da ya shahara, cewa wasu al'ummu suna ganin mutum a matsayin abu mai zaman kansa wanda halinsa ɗaya ne ko'ina, wasu kuma suna ganinsa a ɗaure da na kusa da shi, kuma iya sauya hali gwargwadon wuri a wurinsu alamar hankali ce. Ban ɗauki wannan rabon gida biyu a matsayin cikakken hoton duniya ba, don kowace al'umma tana da nata gaurayen. Amma ya isa ya nuna cewa jimlar da ta ɗauki sauyawa a matsayin ciwo ta riga ta zaɓi ɓangare.

Su kansu akwatunan 5 ɗin ba kowa ne yake amfani da su iri ɗaya ba. Chuansheng Chen da Shin-ying Lee da Harold Stevenson sun nuna a 1995 cewa ɗaliban sakandare na Japan da Taiwan sun fi na Amurka da Kanada zaɓar akwatin tsakiya, 'yan Amurka kuma sun fi zaɓar na gefe. Heine da abokan aikinsa sun nuna a 2002 cewa idan aka tambayi mutum ko shi mai cin gashin kansa ne, yana auna kansa ne da mutanen da ke kewaye da shi, saboda haka "na yarda" a wata ƙasa ba nauyinta ɗaya da "na yarda" a wata ba. Ƙara da yanayin da ake cike takardar: malami yana zagayawa a aji, yaro bai tabbata ba ko amsarsa za ta koma wurin iyayensa, wani ma karatun nasa bai yi ƙarfin da zai gane jimlar da ke da "ba" biyu a ciki ba. Yaron da aka koya masa cewa musa wa babba rashin kunya ne zai fi karkata ga "na yarda" ko me aka tambaye shi.

Masu lissafi suna da hanyar gwada ko ma'auni yana auna abu ɗaya a wurare biyu, kuma mataki uku ne. Da farko a ga ko jimlolin suna haɗuwa rukuni-rukuni iri ɗaya a ɓangarorin biyu. Sannan a ga ko kowace jimla tana da nauyi ɗaya. Na ƙarshe, a ga ko sikelin biyu daga sifili ɗaya suka tashi. Sai an tsallake na ukun nan ne ya halatta a ce matasan ƙasa kaza sun fi na ƙasa kaza rikicewa ko natsuwa, kuma shi ne matakin da aka fi faɗuwa a kansa. Duk da haka kwatancen ƙasa da ƙasa shi ne abin da ya fi jan hankali, shi ake ɗauka a yaɗa. Ina kuma da ƙorafi a kan gwajin kansa: yana iya gaya maka cewa jimlolin da ka sa suna aiki iri ɗaya, amma ba zai taɓa gaya maka jimlar da ba ka sa ba. Idan abin da ya fi ƙulla matashi da kansa shi ne kasancewarsa babban wa da ƙanne ke dogaro da shi, ko harshen da yake mafarki da shi, ko imaninsa, kuma takardar ba ta tambayi ko ɗaya ba, lissafi zai fito tsaf, hoton kuma ya fito babu rabin fuska.

Wani zai ce to a watsar da takardun gaba ɗaya, kowa ya zauna da fahimtarsa. Ban goyi bayan haka ba, kuma dalilina mai nauyi ne. Akwai matasan da da gaske ba su san inda suka dosa ba, suna jin babu komai a cikinsu, yau su ƙaunaci mutum kamar rai, gobe su tsane shi, wasu har su cutar da jikinsu. Wannan ciwo ba na wata nahiya ba ne. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 11 da ya fara aiki a 2022, ya sa tsayuwar sanin kai cikin abubuwan da ake dubawa wajen gane matsalolin ɗabi'a. A Basel ta Suwizalan, Kirstin Goth da Klaus Schmeck da abokan aikinsu sun fitar da wani ma'auni a 2012 mai suna AIDA, mai jimloli 58, don 'yan shekara 12 zuwa 18, da nufin bambanta ruɗanin da kowane matashi ke ratsawa ya wuce da wanda yake buƙatar magani. Inda likitocin ƙwaƙwalwa suka yi ƙaranci, takarda mai kyau tana iya zama hanyar da za a gano yaron da ke nutsewa shiru a bayan aji. Wannan amfani nata shi ne ya sa kuskurenta yake da tsada. Takardar da ba a daidaita ba za ta ɗora wa lafiyayyen yaro tambarin ciwo, ta kuma bar mai ciwon ya wuce don bai faɗi damuwarsa da kalmomin da take jira ba.

Haka kuma ban yarda a fake da al'ada a rufe bakin yaro ba. Cikin waɗanda suka bi hanyar iyaye akwai wanda ya bi da zuciya ɗaya, akwai wanda aka tilasta wa, yana haɗiye baƙin ciki. Daga waje kamarsu ɗaya. Masaniyar nan 'yar Turkiyya, Çiğdem Kağıtçıbaşı, ta daɗe tana nuna cewa kusanci da iyali da ikon zartar da ra'ayin kai ba kishiyoyi ba ne, mutum yana iya haɗa su biyun, kuma rashin ɗaya ba ya nufin samuwar ɗayan. Ma'aunin da aka daidaita da kyau ya kamata ya raba waɗannan yara biyu. Wanda aka kwafo yadda yake zai zuba su duka a rukunin masu rufe ƙofa, wanda aka gyara don kawai a faranta wa manya kuma zai ce dukansu lafiya lau suke.

Aikin daidaitawa na gaskiya a hankali ake yin sa, kuma mafi muhimmancin ɓangarensa ba ya buƙatar kwamfuta. A zauna da yaro ɗaya a ɗaki, babu malaminsa babu iyayensa, a ba shi jimla ya karanta, a ce, "Faɗa mini da bakinka, me aka tambaye ka a nan?" A saurare shi. A ce, "Da ka zaɓi akwati na 4, wane abu ne ya faɗo maka a rai?" Wataƙila ya yi shiru yana murza gefen takardar, sannan ya ce shi ya ɗauka ana tambayar ko yana canza abokai ne. Wataƙila ya ce kalmar nan kakarsa kaɗai yake jin tana faɗa. A rubuta. A kira yarinya, a kira wanda ya bar makaranta, a kira na birni da na karkara, a maimaita har sai an daina jin sabon abu. Jimlar da yara da yawa suka karkatar da ita wani wuri, a sake ta ko a cire ta, ko da mai asalin takardar yana sonta. Abin da suka yi ta ambato kuma babu shi a takardar, a rubuta masa jimla. Sai bayan haka a gwada a kan ɗaruruwa, a fitar da matsakaicin maki na wannan al'umma, a ja layin damuwa daga nan. Yanke wa yaro hukunci da layin da aka ja a kan yaran wata nahiya zalunci ne, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya. Hukumar ƙasa da ƙasa mai lura da gwaje-gwaje ta wallafa ƙa'idojin fassara da daidaitawa a 2005, ta sabunta su a 2017, kuma sun tanadi mafi yawan wannan. Ba jahilci ne ke hana bin su ba. Lokaci ne da kuɗi, da kuma gaggawar ɗalibin da ke son kammala digiri, da mai ba da tallafin da ke son sakamakon da zai jera kusa da na sauran ƙasashe.

An kuwa taɓa yin aikin daga tushe, an ga amfaninsa. A Harare ta Zimbabuwe, Vikram Patel da abokan aikinsa sun tattara kalmomin da marasa lafiya da masu kula da su suke faɗa da bakinsu, suka fitar da takarda mai tambayoyi 14 cikin harshen Shona a 1997. A cikinta akwai abin da mutanen wurin ke kira kufungisisa, wato yawan tunani, kuma da ita aka riƙa tantance masu damuwa a ƙananan asibitoci. A Hong Kong, Fanny Cheung da abokan aikinta sun gina ma'aunin ɗabi'a daga yadda Sinawa ke siffanta mutum, suka tarar da wani ɓangare da ya shafi zaman lafiya da jama'a da kiyaye mutuncin juna, wanda manyan ma'aunan Yamma ba su ware shi ba; daga baya suka yi na matasa. Waɗannan ba ma'aunan sanin kai ba ne, amma sun nuna abin da ke fitowa idan mai ɗaki ne ya nuna inda yake masa yoyo. Abin da nake so in gani shi ne masanin da ke zaune a cikin al'ummar ya zama mai riƙe da alƙalami, yana da ikon cewa wannan jimla ba za ta shiga ba, maimakon a ɗauke shi mai fassara da mai raba takardu, sunansa ya zo a ƙarshen jeri.

Akwai jimla ɗaya da ɗiyar ƙanwata ta bari babu alama. Tana tambayar ko mutum ya yanke shawara shi kaɗai a kan abin da zai yi da rayuwarsa. Ta ce mini tana so ta zama ma'aikaciyar jinya, ita ce ta fara kawo maganar, amma sai da suka yi ta tattaunawa da mahaifiyarta da yayarta kafin abin ya zauna mata a zuciya. "Kawu, in na ce na yarda, na cire su Mama. In na ce ban yarda ba, kamar an tilasta mini ke nan. To wanne zan zaɓa?" Ban iya ba ta amsa ba, ta mayar da takardar da gurbin nan a buɗe. A wurin masu haɗa lissafi, irin wannan gurbi sunansa amsar da ta ɓata, kuma akwai dabarun da kwamfuta ke bi ta cike shi da lambar da ta fi dacewa da sauran amsoshin mutum. Ina jin haka aka yi da nata.